Maigidana zai ci bashi don su sayi motar tafi-da-gidanka shi da aminansa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, muna zaune a birnin Dallas na jihar Texas a Amurka tare da maigidana da 'ya'yanmu uku, babban shekararsa 8, mai bi masa 5, autan kuwa 2. Maigidana yana da aminai biyu tun suna jami'a a Zariya, kuma duk suna nan garin tare da mu. Ɗaya yana da mata da 'ya'ya biyu, ɗayan bai yi aure ba tukuna. Kwanakin baya suka ƙulla shawarar su haɗa kuɗi su sayi babbar motar nan ta tafi-da-gidanka da ake kira RV, mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, ta hannu, a kan dala 45,000. Nufinsu shi ne a watan Yuli mu ɗunguma mu goma mu yi mako biyu muna zaga ƙasa, mu ga manyan gandayen yawon buɗe ido na Grand Canyon da Zion da Yellowstone, muna yada zango a filayen da aka tanada don masu irin wannan mota.

Abin da suka tara bai kai rabin kuɗin ba, sauran bashin banki ne da za a karɓa da sunan maigidana, domin shi ne banki ya fi yarda da shi. Kason da zai bayar kuma daga ajiyar da muke yi ne don zuwa gida, alhali mahaifiyata ba ta taɓa ganin autana ba sai a waya. Ban kuma ga yadda zan yi mako biyu cikin mota ɗaya da maza biyu da ba muharramaina ba, sannan na san girki da wanke-wanke da ɗawainiyar yara a kanmu mu mata biyu za su ƙare. Da na yi masa magana sai ya ce shekararsa 12 a ƙasar nan bai san ko'ina ba sai wurin aiki da masallaci da filin jirgi, kuma ni kaɗai ce nake kashe wa mutane gwiwa tunda matar abokinsa ta amince. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni ma ina son ganin wuraren, yarana kuwa sai murna suke yi. Shin ni ce na cika ƙorafi? Yaya zan yi ba tare da na shiga tsakaninsa da aminansa ba?

Wata baiwar Allah, Dallas

Wa alaikis salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninki da maigidanki. Ba ki cika ƙorafi ba, domin duk abin da kika lissafa abu ne da mace mai hankali za ta tsaya a kansa kafin ta kwashi 'ya'yanta ta hau hanya. Abin da na lura da shi a wasiƙarki shi ne, an ɗaure abubuwa uku da igiya ɗaya aka miƙo miki, wato tafiyar kanta, da sayen motar da bashi, da kwanan mutum goma a wuri ɗaya, har ya zama duk wanda kika taɓa sai a ga kamar tafiyar kike ƙi. Shawarata gaba ɗaya a kan kwance wannan ɗauri take. Tafiyar abu ne mai kyau da nake so ki goyi bayansa da zuciya ɗaya, sauran biyun kuwa tafiyar ba ta buƙatarsu ko kaɗan, kuma su ne za su iya ɓata ta.

Zan fara da maigidanki, domin in ba ki fahimci abin da ke zuciyarsa ba, duk lissafin da za ki kawo masa ba zai shiga kunnensa ba. Mutumin da ya ce miki shekara 12 bai san ko'ina ba sai wurin aiki da masallaci da filin jirgi, kukan gajiya yake yi miki, irin wanda mazanmu da yawa a ƙasashen waje suke haɗiyewa ba su faɗa. Rayuwarsu takan ƙare tsakanin biyan haya da aika kuɗi gida da kai yara makaranta, sai wata rana mutum ya duba ya ga furfura ta fara fitowa alhali ƙasar da ya zauna cikinta bai gan ta ba. Ga shi kuma aminai ne na ƙuruciya, waɗanda a baƙuwar ƙasa suka zame masa dangi. Motar nan a wurinsa alama ce ta cewa shi ma ya kai lokacin da zai huta, ya nuna wa 'ya'yansa duniya. Sa'ad da kika kawo maganar kuɗi da girki, abin da ya ji shi ne an ce masa bai cancanci wannan hutu ba. Ba haka kike nufi ba, amma ki sani haka ta sauka a kunnensa. Wannan bai wanke shi daga laifin da ya yi ba, domin yanke shawara da abokai a kan ajiyar da ku biyu kuka tara, a kuma kan inda matarsa za ta kwanta, ba tare da an tuntuɓe ki ba, kuskure ne babba, kuma ina jin wannan ne ya fi yi miki ciwo ko da yake ba ki sa shi cikin lissafinki ba.

Maganar saye ita ce ta fi tsorata ni. Idan aka karɓi bashi da sunan maigidanki, to a wurin banki shi kaɗai ne ake bi, ko da kuwa mutum uku ne suka yi musabaha a kan za su riƙa biya tare. Ranar da ɗaya daga cikin aminan ya rasa aiki, ko aka mayar da shi wata jiha, ko wanda bai yi aure ba ya tashi yin aure kuɗinsa suka karkata can, banki ba zai nemi kowa ba sai mai sa hannu, kuma duk jinkirin da aka yi wajen biya a tarihin bashin maigidanki zai zauna, wanda shi ne za a duba ranar da kuka tashi sayen gida. Bashin irin waɗannan motoci yakan ja shekara 10 zuwa 15, da kuɗin ruwa a kai, kuma a matsayinku na Musulmi wannan kaɗai ya isa a tsaya a tambayi malami kafin a ɗauki alƙalami. Ita motar kuwa darajarta sauka take yi kowace shekara ko ana hawanta ko tana ajiye.

Kuɗin saye ma shi ne farkon ɗawainiya. Akwai inshora da rajista duk shekara, akwai kuɗin wurin ajiya duk wata, domin unguwanni da yawa a Dallas da kewayenta ba sa barin a girke irin wannan mota a ƙofar gida. Motar tafi-da-gidanka ta hannu kuma gida ce da mota a haɗe, saboda haka lalacewar gida da lalacewar mota duk suna samunta: rufi yakan yi yoyo ya ruɓar da bango ba a sani ba, tayoyi sukan tsufa su tsage ko da ba a yi tafiya da su ba, ga janareta da firji da na'urar sanyaya ɗaki da bututun gas, kowanne da ranar da zai nemi bakanike. Idan nauyinta ya haura fam 26,000, a Texas lasin tuƙi na yau da kullum ba ya isa, sai an nemi wani aji na daban. Duk wannan nauyi za a ɗauka ne don abin da za a mora mako biyu ko uku a shekara. Sannan ki tambayi kanki wa zai ɗauki motar a hutun Sallah idan gidaje biyu suna so, wa zai biya idan ta lalace a hannun wani, kuma da wane farashi za a sallami wanda ya ce ya fita. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma abin haɗin gwiwa da ba a rubuta sharuɗɗansa ba ya raba aminai da yawa. Kina tsoron kada ki shiga tsakaninsa da aminansa, alhali wannan bashi ne ya fi ki haɗari ga amincinsu.

Mafita a nan ita ce haya. Akwai kamfanoni irin su Cruise America masu bayar da hayar waɗannan motoci, akwai kuma Outdoorsy da RVshare inda masu motocin suke bayar da nasu haya ta intanet. Ana biyan kuɗin kowane dare, galibi da ƙarin kuɗin tazarar da aka yi da na inshora, a mayar da mota a huta. Ba araha ba ce, amma kuɗi ne da ake gani gaba ɗaya kafin a tashi, kuma da an dawo magana ta ƙare. Duk wanda ya daɗe a wannan harka zai gaya wa sabon shiga ya yi haya tukuna kafin ya yi tunanin saye, domin sai an kwana a ciki ake sanin ko za a iya.

Batun kwana wuri ɗaya kuwa, kada ki ji kunyar tsayawa a kansa, kuma kada ki bari a mayar da shi tsaurin ra'ayi. Duk girman motar nan, faɗinta bai wuce ƙafa takwas da rabi ba, cikinta kamar zaure ne da aka sa wa taya. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofa a can baya, sauran wuraren kwanan teburin cin abinci ne da kujera da ake shimfiɗawa da dare, banɗaki ɗaya ne ƙarami wanda duk motsin da aka yi a cikinsa ana ji. A watan Yuli, cikin zafin Texas da Arizona, ke da matar abokinsa za ku yini ku kwana cikin hijabi har mako biyu, ba inda ɗayarku za ta sauya kaya ko ta kwanta ta miƙe ƙafa cikin natsuwa. Namijin da bai taɓa zama cikin lulluɓi yini guda ba, da wuya ya hango wannan da kansa, sai kin zayyana masa dalla-dalla, tun daga tashi sallar Asuba har zuwa lallashin yaro da tsakar dare. Ina kyautata zaton maigidanki mai kishin iyalinsa ne, kuma idan ya hango hoton a zuciyarsa shi da kansa zai ja baya.

Ko da an ajiye maganar muharrami gefe, motar ba za ta ɗauki mutum goma yadda ya kamata ba. Manyan motocin haya na yau da kullum mutum shida ko bakwai suke kwanarwa, kuma yawancin waɗannan motoci ba su da bel ɗin kujera har goma. Kin san a motarku ta gida dokar Texas ta wajabta kujerar yara ga duk yaron da bai kai shekara 8 ba, sai in tsawonsa ya haura ƙafa 4 da inci 9, kuma dalilin wannan doka ba ya gushewa don an shiga babbar mota. Kujerun ciki da yawa gefe suke kallo, ba su dace da ɗaura kujerar jariri ba, kuma kuna da yara biyar. Sai kuma ruwa. Motar tana da tanki uku, na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida, kuma dole wani ya riƙa jan tiyo yana zubar da na ƙarshen nan a wurin da aka keɓe. Manya biyar masu alwala da tsarki sau biyar a rana, ga wankan yara, za su ƙarar da ruwan su cika tankunan cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abin da zan ba ki shawara ki gabatar shi ne a yi tafiya tare, a yini tare, amma kowane gida ya kwana da iyalinsa. Haka ma abokai da yawa a can suke yi: kowa da motarsa, a kama filaye maƙwabtan juna a zango ɗaya, a haɗa tebura a tsakiya a ci abinci, yara su yi wasa, da dare ya yi kowa ya ja ƙofarsa. Idan kuɗin hayar mota biyu ya yi yawa, gida ɗaya ya yi hayar motar, ɗayan ya bi da motarsa ta gida ya kama ɗakin katako, domin filayen zango masu zaman kansu irin na KOA suna da waɗannan ɗakuna a gefen wurin ajiye motoci. Abokin da bai yi aure ba tanti ya ishe shi, kuma ina da tabbacin zai fi sakewa a cikinsa fiye da kwana a kan teburin cin abinci tsakanin iyalan mutane. Samun ƙaramar mota a ayarin ma wata fa'ida ce, domin da ita za a riƙa zuwa cefane da asibiti in buƙata ta taso, ba sai an kwance tiyo da wayar lantarki an tayar da gida gaba ɗaya ba.

Hanyar da suka zana ma tana buƙatar gyara, kuma a nan za ki iya nuna masa cewa tafiyar kike so ta yi armashi. Daga Dallas zuwa bakin kudu na Grand Canyon ya haura mil 1,000. Idan aka ƙara Zion da ke jihar Utah, aka haura Yellowstone da ke Wyoming, aka dawo gida, jimillar ta wuce mil 3,000. Masu wannan yawo suna da ƙa'idar da suke kira uku-uku-uku, wato kada a wuce mil 300 a rana, a sauka zango kafin ƙarfe uku na rana, a kuma yi kwana uku a wuri kafin a tashi. Ko da ta farko kaɗai aka bi, kwana goma cikin goma sha huɗu a kan titi za su ƙare, da yaro ɗan shekara biyu ɗaure a kujera. Babbar mota kuma ba ta wuce mil 8 zuwa 10 a galan ɗaya, saboda haka man kaɗai zai kai galan 300 zuwa 400. Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872 kuma shi ne gandun ƙasa na farko a Amurka, ya cancanci tafiya tasa ta musamman. Fili ɗaya ne tak a cikinsa yake da ruwa da lantarki da magudana ga kowace mota, wato Fishing Bridge, kuma ba a yarda da tanti a wurin ba saboda dabbar beyar. A bar Yellowstone sai yara sun ƙara girma yadda za su kiyaye dokar nisantar ɓauna da namun daji.

Idan kuka taƙaita ga Grand Canyon, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ta Amarillo da Albuquerque da Flagstaff. A kusa da Amarillo akwai kwazazzabon Palo Duro, wanda ake ɗauka shi ne na biyu a girma a ƙasar, da filayen zango masu ruwa da lantarki, sai dai zafinsa a Yuli ba na wasa ba ne. A Arizona kuma gandun Petrified Forest yana bakin hanya, inda yara za su ga gumagumai da suka zama duwatsu. Shi Grand Canyon zurfinsa ya kai mil ɗaya, kogin Colorado yana gudana a ƙasansa, bakinsa na kudu kuma yana kan tudu mai tsawon kusan mita 2,100, don haka iskarsa ta fi ta Dallas sauƙi. A cikin filayen zangonsa, Trailer Village ne yake da ruwa da lantarki, filin Mather kuwa babu lantarki ga motoci, kuma akwai bas-bas na kyauta da ke kai mutane wuraren kallo, ba sai an tuƙa babbar mota ba. Wanda ya tsaya a bakin wannan rami da hantsi ya ga ikon Allah, zai san cewa gani ya kori ji. In lokaci ya ba ku dama ku ƙara Zion, sai ku sani hanyar shiga ta gabas ta ratsa cikin dutse ne, an gama ta tun 1930, kuma hukumar gandun tana taƙaita wucewar manyan motoci ta cikinta, don haka a bincika ƙa'idar kafin a doshi wurin. Kuɗin shiga kowane ɗaya daga cikin Grand Canyon da Zion da Yellowstone dala 35 ne ga mota, katin shekara na mazauna ƙasar kuma dala 80, amma bai haɗa da kuɗin kwana ba. Filayen gwamnati da yawa ana buɗe kama su ne wata shida kafin ranar a shafin Recreation.gov, kuma na lokacin hutun bazara da wuri suke ƙarewa. Ki tambayi maigidanki ko sun kama wurin kwana ko ɗaya, domin samun filaye biyu ko uku a jere ya fi samun ɗaya wuya.

Matar abokinsa da aka ce ta amince, kada ki ɗauke ta abokiyar hamayya, kuma kada ki ɗauki labarin amincewarta daga bakin maza. Ki kira ta, ko ki kai mata ziyara, ki tambaye ta yadda take ganin kwana da girki za su kasance, ba tare da kin kushe mijinta ko naki ba. Mai yiwuwa ta ce to ne don gudun abin da ya same ki, mai yiwuwa kuma ba ta taɓa shiga irin motar ba. Idan kuwa da gaske ba ta damu ba, wannan ra'ayinta ne, bai zama hujja a kanki ba, domin kowace mace ita ta san iyakar abin da za ta iya ɗauka. Abin da zan gargaɗe ki a kai shi ne kada ku haɗa baki ku tunkari mazan a matsayin ƙungiya, domin hakan zai sa su ji an yi musu taron dangi. Kowacce ta yi magana da nata mijin a ɗakinta.

Aikin girki a raba shi tun a gida, a kuma faɗa da baki kowa ya ji. Maza su ɗauki gashin nama da wanke tukwane da zubar da tanki da kula da yara bayan La'asar, ku kuma ku dafa miya ku daskarar kafin tafiya, ku tanadi dambun nama da yaji da garin kunu, yadda girkin hanya ba zai wuce ɗumame da dafa shinkafa ba. Naman halal a Dallas za ku saye shi, domin da kun yi nisa cikin ƙananan garuruwa samunsa zai yi wuya. Kowane gida ya zuba kasonsa na mai da abinci da kuɗin fili a asusu ɗaya bisa yawan mutanensa, kada a ɗora wa gwauro nauyin gida mai mutum biyar, kada kuma a bar shi ya zama direba da ɗan aike don kawai ba shi da iyali. Sallah ba za ta zama matsala ba, tunda matafiya ne ku kuna da rangwamen ƙasaru, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya yake yankewa idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya, kuma Amarillo da Albuquerque duk suna da masallatai in Juma'a ta riske ku a hanya.

Kafin a kashe kuɗi a kan mako biyu, ku gwada kwana biyu. Wurin shaƙatawa na Cedar Hill yana nan kusa da ku a bakin tafkin Joe Pool, na tafkin Ray Roberts kuma bai wuce tafiyar kusan awa ɗaya arewa da Dallas ba. Ku yi hayar mota ranar Juma'a ku mayar ranar Lahadi, gidajen duka su je. A nan maigidanki zai tuƙa ta da hannunsa, ya ja da baya ya shigar da ita fili, ya zubar da tanki, ya ji yadda barci yake da yara uku a ciki. Idan ya dawo yana ƙara son abin, kun koyi abin da za ku gyara kafin Yuli, idan kuma zumuɗin ya ragu, kuɗin kwana biyu kawai kuka kashe.

Ajiyar zuwa gida kuwa kada ki sassauta a kanta. Duwatsun Arizona suna nan ba inda za su, amma ba wanda yake da tabbacin tsawon kwanan iyaye, kuma kaka da ke jiran ta rungumi jikanta tana da haƙƙin da ya riga na yawon buɗe ido. Ki faɗa masa wannan da taushin murya, ki tuna masa cewa shi ma yana da waɗanda suke ɗokin ganinsa a gida. Ku ware wa tafiyar nan kuɗinta dabam, ko da hakan zai sa ta zama kwana takwas maimakon goma sha huɗu, sannan ku tsayar da watan da za ku je gida ku rubuta shi, yadda ba zai zama abin da ake ɗagawa duk sa'ad da wata buƙata ta taso ba.

Shirun da ke tsakaninku ke za ki fara karya shi, kuma ba don ke ce mai laifi ba, sai don gaba a cikin gida yara take fara ci. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun yi barci, ki fara da cewa kin ji maganarsa ta shekara 12, kuma kina so ki tsaya tare da shi a bakin Grand Canyon. Bayan nan ki gaya masa cewa abin da ya ɓata miki rai shi ne jin shawarar bayan an gama ta. Sai ki ajiye masa takarda mai lissafi biyu, na saye da na haya, da taswirar hanya, ki bar shi ya duba da kansa. Ki kuma ba shi hanyar fita da mutuncinsa, wato shi ne zai kai wa aminansa sabon tsarin a matsayin abin da ya hango bayan ya yi bincike, domin namiji yana jin nauyin ya koma wurin abokai ya ce matarsa ta hana.

Idan duk da haka ya dage sai an saya, to ki nemi abubuwan da ba za ki sauka daga kansu ba: kada a taɓa ajiyar gida, kada bashi ya hau sunansa shi kaɗai, a kai motar wurin ƙwararren mai duba irinta kafin a biya ko sisi, a kuma rubuta yarjejeniya da shaidu a kan kason kowa da gyara da ranar rabuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba wanda zai ce neman rubutu rashin yarda ne. Idan kuma aka dage a kan kwana cikin mota ɗaya, kina da damar ki ce ke da 'ya'yanki za ku bi ayarin da motar gida ku riƙa kama ɗaki. In maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ku nemi limamin masallacinku ko wani dattijo da maigidanki yake jin nauyinsa ya zauna da ku, amma kada ki kai ƙara wurin aminan nasa, kada kuma ki ɗaga wa mahaifiyarki hankali da wannan magana tun yanzu. Ki rubuto mini bayan kun dawo daga gwajin kwana biyun, in ji yadda kuka ƙare da maganar Yuli. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.